Phineas Gage, mutumin da sandar ƙarfe ta ratsa kansa ya rayu

Galibi mutum yakan yi suna a duniya ta hanyar sarauta, ko ilimi, ko yaƙi, ko dukiya. Wanda za mu ba ku tarihinsa yau bai sami ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Shugaban lebura ne a wurin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa a Amurka, ya rasu yana da shekara 36, bai bar mata ba, bai bar ɗa ba, bai kuma rubuta littafi ba. Duk da haka, yau fiye da shekara 160 bayan rasuwarsa, da wuya ɗalibin likita ya gama karatunsa, a Faransa ne ko a Ingila ko a wata ƙasa, bai ji sunan Phineas Gage ba. Abin da ya jawo masa wannan suna shi ne hatsarin da ya same shi wata rana da la'asar, da kuma gardamar da masana suka daɗe suna yi a kansa game da inda natsuwa da shawara suke zaune a cikin kan ɗan Adam.

An haifi Phineas Gage a shekarar 1823 a jihar New Hampshire, can arewa maso gabashin Amurka. Shi ne ɗan fari cikin ƴaƴa biyar na Jesse Gage da matarsa Hannah, mutanen karkara. Ya iya karatu da rubutu. Da ya kai ƙarfi sai ya shiga aikin fasa duwatsu da albarushi, domin a zamanin nan kampanoni suna ta tsere wajen shimfiɗa hanyoyin jirgin ƙasa, kuma ƙasarsu ƙasar tsaunuka ce. Likitan da ya yi jinyarsa daga baya ya ce mutum ne ƙaƙƙarfa, tsawonsa metir 1 da santimetir 68, nauyinsa kilo 68, kuma kusan bai taɓa kwanciya ciwo ba tun yana yaro. Iyayen gidansa na aiki sun ɗauke shi a matsayin wanda ya fi duk shugabannin leburansu ƙwazo da iya tsara aiki.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan aikin nan, don in ba a fahimce shi ba, ba za a fahimci hatsarin ba. Da farko akan huda rami mai zurfi a jikin dutse. Sai a zuba albarushi, a sa lagwani, sa'an nan a zuba rairayi ko yumɓu a kai, a danna shi da sandar ƙarfe har ya daddale. Amfanin rairayin shi ne ya toshe bakin ramin, don ƙarfin albarushin ya koma cikin dutse ya tsaga shi. Shugaban lebura ne yake duba inda za a huda, da zurfin ramin, da yawan albarushin da za a zuba. Aiki ne na bi da bi, wanda ya tsallake mataki ɗaya ya sayi ajalinsa da kuɗinsa. Gage yana da tasa sandar ta musamman, wadda ya sa wani maƙeri ya ƙera masa. Tsawonta metir 1 da santimetir 10, kaurinta ya ɗan haura santimetir 3, nauyinta kilo 6. Gefe ɗaya mai faɗi ne, da shi ake dannawa, ɗaya gefen kuwa an fiƙe shi ya yi tsini kamar mashi.

Ran 13 ga watan Satumba na 1848, wajen ƙarfe 4 da rabi na la'asar, Gage da mutanensa suna aiki kusa da garin Cavendish, cikin jihar Vermont, a kan hanyar jirgin kampanin Rutland da Burlington. Yana da shekara 25. Yana bisa wani rami da aka riga aka zuba wa albarushi, sai mutanen da ke aiki a bayansa suka ɗauke masa hankali. Ya waiwaya ta kafaɗarsa ta dama, ya buɗe baki zai yi magana, kansa ya zo daidai saitin ramin. A wannan ƙiftawar ido sandar ta gogi dutse, tartsatsi ya tashi, albarushi ya kama. Sandar ta fito daga ramin kamar harsashi, tsininta a gaba. Ta shiga ta kuncinsa na hagu, ƙarƙashin ƙashin kumatu, ta bi ta bayan idonsa na hagu, ta keta gaban ƙwaƙwalwarsa, ta fasa ƙoƙon kai ta sama, ta wuce. An tsince ta a nesa wajen metir 25, jini da ɓargon kai sun shafe ta.

Ku lura, masu karatu, waiwaye ɗaya ne ya jawo wannan duka. Za mu komo kan maganar waiwaye nan gaba.

Gage ya faɗi rigingine, hannuwansa da ƙafafunsa suka ɗan yi karkarwa. Cikin ƴan mintoci sai ga shi yana magana. Ya tashi ya taka da ɗan taimako, aka ɗora shi bisa amalanken shanu, ya zauna a miƙe har masaukinsa cikin gari, tafiyar kilometir 1 da ƴan kai. Likita na farko da ya iso, Edward Williams, ya same shi zaune bisa kujera a ƙofar masauki, yana ba mutane labarin abin da ya faru. Williams bai yarda ba da farko, ya zaci ruɗewa ce ta sa yake cewa ƙarfe ya ratsa kansa. Yana cikin dubawa sai amai ya taso wa Gage, yunƙurin aman ya turo wani abu na ƙwaƙwalwa, kimanin rabin ƙaramin kofin shayi, ya faɗo ƙasa.

Wajen ƙarfe 6 na yamma likita John Martyn Harlow ya karɓi jinyar. Matashi ne, bai fi shekara huɗu da gama karatun likita ba, kuma daga hannunsa ne muka sami mafi yawan abin da aka sani game da Gage. Ya aske gashin da ke kewaye da raunin, ya cire gudajin jini da ɓaraguzan ƙashi, ya mai da manyan ƙasusuwa biyu mazauninsu, ya ɗaure kan, amma ya bar kafa don ruwan ciwo ya riƙa fita. Ya kuma ɗaure hannuwansa, waɗanda wuta ta ƙone. A tuna, a 1848 likitoci ba su san ƙwayoyin cuta ne ke sa rauni ya ruɓe ba, balle a yi zancen penisilin. Uwarsa da kawunsa suka zo daga garin Lebanon, tafiyar kilometir 50, ya kuwa gane su.

Kwanakin farko sun yi dama-dama. Bayan kamar kwana goma sha biyu sai ciwo ya juya. Raunin ya ruɓe, wari ya cika ɗaki, Gage ya shiga magagi, ba ya magana sai an yi masa, ita ma kalma ɗaya. Ƴan'uwa da abokai suka fid da rai, har aka tanadi akwatin gawa da tufafin da za a sa masa. Wani daga cikin masu jinya ya roƙi Harlow ya ƙyale shi haka nan, kada ya ƙara masa wahala. Harlow ya ƙi. Ya yanke naman da ya tsiro a bakin raunin, ya ƙone wurin da magani, ya tsaga fatar goshi, mugunya mai ɗoyi ta kwararo kimanin rubu'in litir. A ganinmu wannan tsagawa ita ce ta ceci ransa, kuma ita ce babban aikin da Harlow ya yi a rayuwarsa. Ran kwana na 24 Gage ya yunƙura ya tashi, ya yi taku ɗaya. Wata guda bayan haka yana hawa bene yana sauka, har yana fita titi. Ran 25 ga Nuwamba, mako goma bayan hatsarin, aka kai shi gidan iyayensa. Idonsa na hagu ya mutu, fatar idon ta rufe, goshinsa ya lotsa, amma hannu da ƙafa da harshe duk lafiya lau.

To, jiki ya warke. Saura mutumin da ke cikin jikin.

Tun yana kwance Harlow ya fara lura da wani abu. Gage yana tuna ranar hatsarin da yadda ya auku, yana gane mutane, yana sanin gidansu da sunansu. Amma ƙiyasinsa ya lalace. Yana da waɗansu ƴan tsakuwoyi, aka nuna masa za a ba shi dala 1000 a kansu, ya ƙi. Dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba, kuma a wancan zamani kuɗi ne da lebura zai yi shekaru bai tara ba. Bayan shekara ashirin Harlow ya bayyana sauran abin da ya gani. Mutumin da a da aka san shi da natsuwa da cika aiki ya koma mai saurin fushi, mai ashar, abin da ba halinsa ba ne a da. Ba ya ganin girman kowa, ba ya jure a hana shi abin da ransa yake so, ba ya karɓar shawara. Wani lokaci ya kafe kamar jaki a bakin rafi, wani lokaci kuma ya yi ta jujjuya magana. Yakan ƙulla shirin abin da zai yi nan gaba, kafin a fara sai ya watsar ya kama wani. Abokansa suka ce wannan ba mutumin da suka sani ba ne. Da ya koma neman aikinsa, iyayen gidansa suka duba suka ga canjin ya yi yawa, suka ƙi mai da shi.

Kada mu yi saurin zarginsu. Wanda ba ya iya tsayawa kan shawara ɗaya, ba a danƙa masa albarushi da rayukan mutane. Amma ku dubi halin da saurayin nan ya shiga: yana da ƙarfinsa, yana da sana'arsa a ka, yana jin kansa lafiya, ga shi kowa yana kallonsa kamar baƙo.

A watan Nuwamba na 1849 wani babban malamin fiɗa na jami'ar Harvard, Henry Bigelow, ya kawo shi birnin Boston, ya riƙe shi makonni yana dubawa, ya gabatar da shi gaban taron likitoci. Da yawa cikinsu ba su yarda da labarin ba sai da suka gani da idonsu. Bigelow ya rubuta cewa Gage ya warke sarai, jiki da hankali, ban da ido. Mai karatu zai ce, to wa ya yi gaskiya, Harlow ko Bigelow? A nan ne gardamar zamanin ta shigo. Akwai masu bin ra'ayin wani likita Bajamushe, Franz Gall, wanda ya ce kowane hali na mutum, kamar tausayi ko girmama na gaba, yana da mazauninsa a ƙwaƙwalwa, har ma wai ana iya gane halin mutum ta shafa tudun kansa. Akwai kuma masu bin Pierre Flourens na Faransa, wanda ya ce manyan sassan ƙwaƙwalwa suna aikin tunani ne gaba ɗaya, babu rabon aiki a tsakaninsu. Harlow ya karkata wajen ra'ayin farko, Bigelow kuwa yana ƙyamarsa. Kowannensu ya fi ganin abin da ya dace da karatunsa. Shafa tudun kai dai shirme ne, an daɗe da watsar da shi, amma a kan maganar rabon aiki Gall ya fi kusa da gaskiya.

Daga nan Gage ya shiga neman abinci ta inda ya samu. Ya ɗan yi yawo a garuruwan yankinsu yana nuna kansa da sandarsa, har ya taɓa zama abin kallo a gidan nune-nune na Barnum a birnin Niyu Yok. Sandar nan kuwa, da farko ya bar ta a jami'ar Harvard, daga baya ya karɓe abarsa, ya riƙa yawo da ita duk inda ya nufa har ƙarshen ransa. Sa'an nan ya sami aiki a wata bargar dawaki da karusai a garin Hanover, ya yi wata 18 a can.

A watan Agusta na 1852 aka ɗauke shi aiki zuwa ƙasar Cile, a Amurka ta Kudu, inda ake kafa sufurin karusa tsakanin Valparaiso, tashar jiragen ruwa, da Santiyago, babban birnin ƙasar. Ya yi kusan shekara bakwai a can yana kiwon dawaki, yana kuma tuƙa babbar karusa mai dawaki shida, cike da fasinja da kaya. Wannan yanki na rayuwarsa shi ne marubuta suka fi tsallakewa, alhali shi ya fi ba da mamaki. Tafiya ce ta yini guda cur, a kan hanya mai hawa da gangara da kwana. Dole direba ya tashi tun da asuba, ya ciyar da dawaki, ya ɗaura musu kaya, ya loda jakunkuna, ya karɓi kuɗin mota ya ba da canji, ya yi wa fasinja magana mai daɗi. In an kama hanya, linzami shida ne a hannunsa, kowane doki da halinsa, kuma kafin a kai kwana sai ya riga ya yanke shawarar wanda zai ja da wanda zai saki. Duk wannan da ido ɗaya. Wani likita Ba'amurke, Henry Trevitt, wanda ya san shi a Cile wajen 1858, ya ba da shaida cewa ya same shi da ƙoshin lafiya, bai ga wata naƙasa a hankalinsa ba. Mutumin da Harlow ya kwatanta a watannin farko ba zai yi mako guda a wannan aiki ba tare da an kore shi ba.

A 1859 lafiyarsa ta fara raguwa. Ya shiga jirgin ruwa zuwa San Faransisko, inda uwarsa da ƙanwarsa suka riga suka koma da zama. Ya iso a raunane, suka yi jinyarsa, da ya ji sauƙi sai ya matsa shi dai a bar shi ya yi aiki. Ya sami aikin gona a Santa Clara. A watan Fabrairu na 1860 farfaɗiya ta fara kama shi, abin da yakan biyo bayan tsohon rauni a ƙwaƙwalwa ko da an yi shekaru. Daga nan ya riƙa sauya wurin aiki, yau nan gobe can. Ran 18 ga Mayu ya komo gidan uwarsa, farfaɗiyar ta yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya ba hutu, ya rasu ran 21 ga Mayu na 1860, kusan shekara goma sha biyu bayan hatsarin. Aka binne shi a San Faransisko, babu likitan da ya duba cikin kansa.

Harlow ya daɗe bai san inda majinyacinsa ya shiga ba. Sai a 1866 ya sami labari, ya rubuta wa uwar, ya roƙi alfarma mai nauyi: a tone kabarin a ba shi ƙoƙon kan. Iyalin suka yarda. Mijin ƙanwar Gage, David Shattuck, shi ya ɗauki ƙoƙon kan da sandar ya kai masa har gabashin ƙasar. A 1868 Harlow ya gabatar da su gaban ƙungiyar likitocin jihar Massachusetts, tare da cikakken bayanin canjin halin da muka ambata, daga baya ya ba da su ga gidan adana kayan likita na Warren a jami'ar Harvard.

Kafin wannan lokaci iska ta fara juyawa a Turai. A 1861 likita Paul Broca na birnin Paris ya nuna ƙwaƙwalwar wani majinyaci da ya yi shekaru ba ya iya furta komai sai gaɓa ɗaya, aka ga rauni a gaban ƙwaƙwalwa ta hagu. A 1870 Jamusawa biyu, Fritsch da Hitzig, suka taɓa wani yanki na ƙwaƙwalwar kare da lantarki mai rauni, ƙafar ɗaya gefen ta motsa. Masu musun rabon aiki ba su ba da kai ba. Wani likita, Eugène Dupuy, ya ɗauko labarin Gage ya ce ga mutum an fasa masa gaban kai ta hagu, amma yana magana, yana tafiya, ina rabon aikin yake? David Ferrier, likita ɗan ƙasar Sikotilan, ya amsa masa a 1878. Ya bi hanyar da sandar ta bi a zanen ƙoƙon kan, ya nuna cewa ta wuce ta gaban wurin magana da wurin motsi, ba ta taɓa su ba. Abin da ta lalata shi ne can gaba, bayan goshi.

Ferrier yana da dalilin kula da wannan wuri. Ya riga ya yi gwaji da birai. Da ya cire musu gaban ƙwaƙwalwa, sai ya ga suna gani, suna ji, suna ci, suna tsalle, amma sun rasa kula. Birin da a da yake bin kowane motsi da ido, yana binciken duk abin da aka ajiye masa, ya koma ko dai ya zauna sororo, ko ya yi ta kai da kawowa ba dalili. Ya kuma gano wani ɗan yanki a sashen goshi wanda in an taɓa shi da lantarki, idanun biri da kansa sukan juya zuwa ɗaya gefen, kamar an kira shi.

A nan za mu komo kan waiwayen da muka yi alkawari. Abin da masana suka tabbatar daga baya shi ne, gani da kula abu biyu ne, kowanne da inda ake yinsa. Ido yana karɓar haske, jijiyoyi su kai saƙon can ƙeya, a bayan kai, a nan ake fara fassara shi. Shi ya sa wanda aka buga a ƙeya yakan ga taurari, wani ma ya makance alhali idanunsa garau. Amma abin da ke shiga ido a kasuwa ya fi ƙarfin a kula da shi duka, dole a zaɓa. Zaɓen nan aikin haɗin gwiwa ne tsakanin wani sashe da ke saman kai ta baya, wanda yake riƙe da taswirar inda kowane abu yake, da wancan yanki na goshi da Ferrier ya gano, wanda yake tura ido inda ake so. A 2001 masu bincike a Amurka suka taɓa yankin nan na biri da lantarki kaɗan, wanda bai kai ya motsa ido ba, sai birin ya fi saurin lura da canjin haske a daidai wurin da idon zai je da an ƙara ƙarfin lantarkin. Ashe abin da ke juya ido, shi ne kuma yake juya hankali tun ido bai motsa ba.

Likitoci suna ganin haka a wurin waɗansu masu shanyewar ɓarin jiki. In cutar ta taɓa sashen nan na saman kai ta dama, mutum yakan manta da duk abin da ke hagunsa. A ajiye masa tuwo ya ci rabin dama ya bar rabin hagu, ya ce ya cinye. Ya aske gemu gefe ɗaya. Idonsa yana gani, hankalinsa ne ba ya zuwa can.

Kula kuma iri biyu ce. Akwai wadda mutum yake kai wa da niyyarsa, kamar mai sa zare a allura. Akwai wadda ake fizge masa, kamar in an kira sunansa ko abu ya faɗi a bayansa. Ta biyun ce ta fizge Gage daga ramin albarushi. Aikin sashen goshi ne ya riƙe niyya, ya danne abin da ke neman ɗauke hankali, ya jera matakan aiki, ya auna riba da hasara kafin a yanke shawara. Ɓangarensa na ƙasa, wanda ke zaune bisa ramin idanu, shi ne yake haɗa shawara da abin da zuciya take ji, irin ɗar ɗin nan da mutum yakan ji kafin ya yi abin kunya ko ya jefa kuɗinsa a rijiya. A 1994 Antonio Damasio da abokan aikinsa a jihar Iowa suka gwada masu rauni a wannan wuri da wani wasan karta. Masu lafiya sukan gane tarin katin da ke jawo hasara su guje shi. Masu raunin kuwa sukan ci gaba da ɗiba daga gare shi, har waɗansunsu suna iya faɗa da bakinsu cewa shi ne mai hasarar. Ku tuna da tsakuwoyin Gage da dala 1000.

Ƙwaƙwalwar Gage ta daɗe da zama ƙasa, saboda haka ƙoƙon kan kaɗai ake aunawa. A 1994 Hanna Damasio da ƴan ƙungiyarta suka kwatanta hanyar sandar da kwamfuta, suka ce ta taɓa gaban ƙwaƙwalwa hagu da dama. A 2004 Peter Ratiu da abokansa suka ɗauki hoton ƙoƙon kan da na'urar asibiti, suka ce hagu kaɗai ta taɓa. A 2012 ƙungiyar John Van Horn ta ƙiyasta cewa sandar ta lalata kimanin kashi 4 cikin 100 na ɓawon ƙwaƙwalwa, da kimanin kashi 11 cikin 100 na fararen zaruruwan da ke sada sashe da sashe. Watau hasarar hanyoyin sadarwa ta fi hasarar wurin kansa.

Akwai wani zalunci da aka yi wa mutumin nan bayan ransa, wanda bai kamata mu rufe baki a kansa ba. Littattafan makaranta sun yi ta kwafar juna, kowane marubuci yana ƙara gishiri. Aka mai da shi mashayi, ɗan iska, maƙaryaci, wanda bai sake riƙe aiki ba har ya mutu a wulaƙance. Waɗansu har suka ce yana cutar matarsa da ƴaƴansa, mutumin da bai taɓa aure ba. Wani masani ɗan ƙasar Ostareliya, Malcolm Macmillan, ya yi shekaru yana tonon takardun asali, ya fitar da littafi a kansa a shekarar 2000. Ya nuna cewa waɗanda suka ga Gage da idonsu suka rubuta wani abu ƴan kaɗan ne, kuma babu ɗayansu da ya faɗi waɗannan abubuwa. Shi ne ma ya gyara shekarar rasuwarsa daga rajistar masu binne gawa, domin Harlow ya rubuta 1861 bisa kuskure. Uwarsa ta gaya wa Harlow cewa yana son yara da dawaki da karnuka, yakan zauna ya yi ta ba ƴaƴan ƙanwarsa labarai na ban mamaki da ya ƙago da kansa.

Macmillan yana ganin aikin karusa ne ya gyara shi: aiki mai tsari, kullum abu ɗaya a lokaci ɗaya, ga dawaki da ba su san uzuri ba. Irin wannan tsari ne likitoci suke shirya wa masu raunin goshi a yau, a jera musu ayyukan yini ɗaya bayan ɗaya har su saba. Mu ma nan muna da waɗanda suka faɗi daga babur ko mota suka bugi goshi, aka sallame su daga asibiti an ce sun warke, suka komo gida da zafin rai da rashin tsayawa kan magana, dangi suna cewa iskoki ne ko taurin kai. Labarin Cile ya shafe su, ya shafi masu ɗaukarsu aiki.

A 1940, da aka kwashe makabartun cikin birnin San Faransisko, aka mai da sauran ƙasusuwan Gage garin Colma, ba tare da kai ba. Fuskarsa kuwa ba wanda ya san ta sai ta wani abin kwaikwayo da Bigelow ya sa aka yi. Sai a 2009 aka gane shi a wani tsohon hoto na farantin ƙarfe, wanda masu shi suka daɗe suna zaton wani maharbin manyan kifayen teku ne riƙe da mashinsa. Aka gwada rubutun da ke jikin mashin da na sandar da ke Harvard, aka gwada tabon goshi, suka yi daidai. A 2010 aka sami hoto na biyu a hannun danginsa. A cikin hoton farko yana sanye da kwat mai kyau, gashinsa a taje, idonsa na hagu a rufe, na dama yana kallon mai ɗaukar hoto kai tsaye, ya riƙe sandar da hannu biyu.